Kunnen Oyoh

Duk ƙauyenmu babu mai kishi kamar Oyoh, kuma ba a kan namiji take yin sa ba. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙuruciya, ba su haihu ba, manema suka yi ta sintiri har suka gaji suka haƙura. Kishinta kaf a kan yarinya ɗaya ya ƙare, wato Nenden, 'yar ƙanwarta Entin. Ni ce Ikah mai kwalliyar amare. Shingen gora kawai ya raba gidana da na Oyoh, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Tsinkar ganyen shayi ce sana'ar Oyoh, a gonakin da ke saman duwatsunmu na kudancin garin Garut, tun tana budurwa har gwiwa ta fara yi mata gardama. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, yatsunta sun rine da ruwan ganye har sabulu ya sallama. Idan ta ɗaga murya a gindin kwari, masu awon ganye a can sama sun san wa ya ɓata mata rai. Ba ta da haƙuri, ba ta kuma taɓa yin kamar tana da shi ba, shi ya sa tamu ta zo ɗaya.

Entin ita ce kyakkyawar gidan. Ta auri Engkos a lokacin da ba shi da aikin kirki, kuma Nenden ko zama ba ta fara ba aka zo ɗiban mata 'yan aikatau zuwa Saudiyya. Entin ta bi su. Ba na ganin laifinta, rabin gidajen bulo na ƙauyen nan da gumin irin waɗannan mata aka gina su. A bakin mota ta miƙa wa yayarta jaririyar, nono ya jiƙa mata gaban riga, tana cewa, "Yaya, shekara biyu ce kawai." Sai da ta haura uku kafin ta dawo.

Haka Oyoh, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ta wayi gari da jaririya. Da ruwan dahuwar shinkafa da madarar gwangwani ta raine ta, daga baya ta ƙara da matsattsiyar ayaba. Tana da wani zanin goyo ruwan ƙasa mai zanen ganye, shi take ratayawa ta kafaɗa ta ɗora yarinyar a kwiɓinta na hagu, kwandon shayi kuma a baya. A haka take hawa dutse cikin hazo, a haka take sauka. Yarinyar tana da wata ɗabi'a: ba ta barci sai ta kwantar da kai a kafaɗar Oyoh ta kama fatar kunnenta tana murzawa. Wata rana ta fizgi ɗan kunne ya tsaga fatar gida biyu. Na ce ta je a ɗinke mata, ta ce in kula da nawa kunnen. Har yau a tsage yake, kuma tana ji da shi fiye da yadda wasu ke ji da zinariya.

A daminar ƙarshe kafin Entin ta dawo, ni da Oyoh muna dawowa daga kasuwa ruwa ya tsuge mana. Nenden ta haura shekara uku, bakinta ya buɗe, amma har lokacin tana kwiɓi. Oyoh ta yanko ganyen ayaba ta rufa musu. Muna tsakiyar gadar gora sai takalminta ɗaya ya suɓuce ya faɗa rafi, ruwa ya yi gaba da shi. Oyoh ta buɗe baki za ta yi ashar, sai yarinyar ta tafa hannu ta ce, "Takalmi ya tafi kasuwa!" Muka yi ta dariya a kan gada kamar mahaukata, ruwa na dukanmu. Da ƙafa ɗaya a ƙasa Oyoh ta ƙarasa gida, tsinin gora ya yanke ta a dunduniya.

Da Entin ta dawo da akwatuna da awarwaro, 'yarta ta ƙi ta. Ta ɓuya a bayan zanin Oyoh tana ihu a fitar da baƙuwar. Oyoh ba ta ɓoye jin daɗinta ba, har da cewa, "Ki bi ta a hankali, ba ta saba da ƙamshin turare ba." Entin ta haɗiye, amma ba ta manta ba. Ba a daɗe ba Engkos ya sami aikin tuƙi a birnin Bandung, suka tattara suka tafi da yarinyar. Ranar Oyoh ba ta fito rakiya ba. Ta hau gona ta tsinko ganyen da masu awo suka ce ba su taɓa ganin mace ɗaya ta kawo irinsa ba.

Daga nan sai gani daga Sallah zuwa Sallah. A shekarun farko yarinyar tana tunawa. Tana shigowa za ta ruga ta nemi kunnen, ta tambayi ina akuya mai gemu, ina kwandon da ake sa ta a ciki. Amma duk sanda ta ɗauko zancen, sai Entin ta tura ta wanke hannu ko ta ba ta alewa. Kowace Sallah abin yana raguwa. Kafin ta kai shekara tara ya tafi gaba ɗaya. Ta zo ta durƙusa, ta ɗora hannun Oyoh a goshinta, ta ce, "Inna Oyoh, mun same ku lafiya?" kamar yadda za ta gaida kowace tsohuwa a layi. Ta san Oyoh ce ta raine ta, an gaya mata. Amma sani ne irin na sanin sunan babban birni.

A nan kishin ya kama Oyoh sosai. Hoton da aka turo mata na Nenden da uwarta, ninke shi ta yi ta soke a bango, Entin tana kallon katako. Idan an ce yarinyar ta yi kama da uwarta, sai ta ce tafiyarta dai tawa ce. Idan an ce ta ci jarrabawa, sai ta ce ayabar da na ɗura mata ce. Kowace Sallah sai ta yi mata tarko: ta dafa abin da take so tana ƙarama, ta fito da tsohon kwando ta ajiye a bakin ƙofa, ta zauna tana kallon fuskarta. Nenden ta ci ta yi godiya, ta tsallake kwandon ta wuce. Bayan sun tafi ni ke shan mita ta kan shinge.

"Ikah, kashinta na wanke, fitsarinta na kwana a ciki. Waccan fa me ta yi? Turo riguna masu ƙyalli!"

"To ki ci kanki. Riguna dai sun yi mata kyau."

"Ke ma munafuka ce."

Nenden ta girma ta zama malamar ƙananan yara, ta yi karatu a kan yadda suke girma. Da aurenta ya tashi ta ce a ƙauye take so a yi, a gidan kakanninta inda Oyoh take zaune, ni kuma in yi mata kwalliya in jagoranci al'ada. A wurinmu, ana gobe ɗaurin aure uwa takan fito da amarya daga ɗaki tana rungume da ita a gefe, an zagaye su da zanin goyo, uba yana gaba da kyandir. Idan sun iso tabarma a gaban jama'a sai a kwance zanin, goyo ya ƙare ke nan. Muna kiran abin sauke goyo. Tun da aka sa rana Oyoh ta ciro tsohon zaninta daga ƙasan akwati ta wanke ta shanya a inda kowa zai gani. Duk ƙauyen ya gane nufinta.

Ana sauran 'yan kwanaki muna zaune a madafar Oyoh da hantsi muna kankare kwakwa, ni da ita da Entin da amarya. Oyoh ta kasa daurewa.

"Wai ke Nenden, don Allah, ko abu ɗaya ba ki tuna ba a gidan nan? Ko wannan murhun? Nan fa kika ƙona yatsa."

Nenden ta yi dariya ta dafa gwiwar Oyoh. "Inna, wallahi ba rashin kirki ba ne. Kowa haka yake. Ke me kika tuna kina shekara biyu?"

"Ni ba a raine ni da wahala irin taki ba."

"Ba wahala ba ce, ƙwaƙwalwa ce. Akwai wani ɗan sashe can ciki, saitin kunne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a lanƙwashe kamar ƙaramin yatsa. Shi ke ɗaure abin da ya faru ya zama labari: ga wuri, ga lokaci, ga wanda yake nan. A jariri bai gama nuna ba. Yana kamawa, amma ba ya riƙewa da nisa. Sai wajen shekara uku zuwa huɗu yake fara ƙarfi, kuma yana ci gaba da gyaruwa har yaro ya yi wayo."

"To ai kina shekara biyar kina tuna akuyata!"

"Haka ne. Yarana na aji suna ba ni labarin abin da ya faru suna shekara uku. In na haɗu da su sun kai takwas ko tara, yawanci ya goge. Wanda ya fi tsira shi ne wanda manya suka yi ta maimaitawa tare da yaron."

Oyoh ta juya ta kalli ƙanwarta. Entin ta duƙufa a kan kwakwa kamar an ce za a ba ta lada.

"Kenan," in ji Oyoh, "duk abin da na zuba, a kwando na zuba ruwa."

"A'a, Inna! Tafiya, magana, abin da harshe ke so, yadda mutum ke samun natsuwa in an rungume shi, duk suna nan. Wasu sassan ne ke riƙe su, waɗanda ke nuna da wuri. Jiki yana riƙe abinsa ko mutum bai san daga ina ya samo ba. Labarin ne kawai babu. Kai, wani lokacin ma yaro ya riƙe abin da ya faru amma ya ɓatar da wanda suke tare, don sashen bayan goshi mai tantance wannan shi ne na ƙarshen nuna."

Da an tsaya a nan da an rabu lafiya. Sai na ɗauki bakina mai ƙaiƙayi na ce, "To ke mene ne farkon abin da kike tunawa?"

Fuskarta ta yi haske. "Ruwan sama, Goggo Ikah. Ina goye a gefen Mama, ga ganyen ayaba a kanmu, ina jin ƙarar ruwa a kansa. Muna kan gada sai takalmin Mama ya faɗa rafi, na ce takalmi ya tafi kasuwa. Mama tana ta dariya har jikinta na girgiza ni. Ba ta daɗe da dawowa daga Saudiyya ba lokacin. Ko Mama?"

Entin ba ta ɗago ba. Ta ce, "Haka ne."

"Sau nawa muka yi wannan hirar da Mama! Duk sanda na ji haushin ta tafi ta bar ni, shi nake tunawa in huce."

Na ji wuƙar kankara ta tsaya a hannun Oyoh. Na san dunduniyar da gora ta yanka, na san wadda ta wanke mata ciwon da ruwan gishiri, don ni ce. Yarinyar da ta gama yi mana bayanin yadda yaro ke musanya fuska, ga shi ta yi a gabanmu ba ta sani ba. Oyoh ta miƙe ta ce za ta duba kaji, alhali kajinta suna gabanmu suna tsattsagar kwakwa.

A bayan madafa na same ta.

"Kin ji ɓarauniya? Abu ɗaya tak ya tsira, guda ɗaya, shi ma ta sace! Ikah, ke ce shaidata. Ranar sauke goyo a gaban kowa zan faɗa, kuma ni zan goya ta. Ke ke miƙa zani, ki san hannun da za ki miƙa wa."

Gaskiya ina bayanta. Raina ya ɓaci da Entin ƙwarai, har na ƙudura in Oyoh ta faɗa zan ce na gani da idona.

Ranar ta zo. Mata sun gama karatu a tsakar gida, mai sarewa ya fara, an jera ruwan furanni na wankan amarya. Na bar Nenden a ɗakin ciki na fito ɗakin gaba ɗaukar zani, sai na tarar da 'yan'uwan biyu a tsaye. Entin tana riƙe da sabon zani mai tsada ko ninkinsa ba a warware ba, Oyoh da nata tsohon da ya koɗe har ana ganin haske ta cikinsa.

"Wane takalmi ne ya faɗa miki a rafi, Entin?" in ji Oyoh. "Na dama ko na hagu? Wace kala?"

"Yaya, ki rage murya."

"Ba zan rage ba. Kina Saudiyya kina wanke tukwanen Larabawa ruwan Garut ya tafi da takalminki? Lallai rafinmu ya yi nisa!"

Entin ta zauna a bakin gado. Na zaci musu za ta yi, amma ba ta yi ba.

"Tana shekara shida ta fara ba ni labarin, ta ce ni ce. Na buɗe baki in gyara mata, na kasa. Yaya, yaron da na raina a can, tun ranar da aka kawo shi daga asibiti a hannuna yake. Ni ya fara kira kafin uwarsa. Ranar da zan taho sai da aka ɓamɓare shi daga wuyana. Shekarun baya da muka je Umara na nemi gidan na je. Ya zama saurayi har da gemu. Uwarsa ta ce masa ga wadda ta raine ka, ya ce sannu, ya koma kan wayarsa." Ta share hanci da gefen sabon zanin. "Na goyi ɗan wasu bai san ni ba, tawa kuma ban goya ba. Ke kin ga haƙorinta na fari, kin ga takunta na fari. Ke kina tunawa, ko ita ba ta tuna ba. Ni me nake da shi? Takalmin nan kaɗai, shi ma aro ne. In kin karɓe, ta san ban taɓa goya ta a cikin ruwa ba, ta kuma san na yi mata ƙarya shekara da shekaru. Gobe za ta tafi gidan miji da wannan."

Na zaci Oyoh za ta yi laushi ta rungume ta. Wanda ya zaci haka bai san Oyoh ba. Ta tsaya tana huci, tana kallon awarwaron ƙanwarta kamar ta tsinke su.

"Na hagu ne," ta ce. "Shuɗi. In za ki yi sata ki san abin da kika sata." Sai ta fizge sabon zanin ta jefa kan gado, ta danƙa mini nata. "Ki riƙe takalmin. Amma da wannan za a goya ta, ko kuwa in tsaya a tsakar gida in tona. Kuma a hagu, ba ta son dama."

Ta fice ta koma madafa.

Na shiga da Entin wurin amarya. Nenden ta ga tsohon zani ta ce, "Kai, wannan fa daga ina?" Na ce al'ada ta fi son tsoho, ta yarda. Na rataya shi ta kafaɗar Entin na zagayo da shi ta bayan 'yarta, na tsayar da ita a hagu. Engkos ya kunna kyandir ya shige gaba, muka fito.

Tsakar gida ta cika, sarewa na tashi, mata sun fara sharar hawaye tun kafin a yi komai. Nenden ta fi uwarta tsawo, sai da ta ranƙwafa. Suna cikin tafiya a hankali ta kwantar da kai a kafaɗar Entin, kuka ya zo mata. Sai na ga hannunta ya tashi shi kaɗai, ya lallaɓa ta ƙarƙashin mayafin uwar, ya kama fatar kunne yana murzawa. Idonta a rufe, ba ta ma san tana yi ba. Mace mai shirin ɗaurin aure, malamar makaranta, tana murza kunne kamar 'yar shekara biyu.

Entin ta ji hannun, ta kuwa san ba nata ba ne wannan. Ta ɗago ido ta nemi yayarta a cikin taro, kuma kallon da ta yi mata ba na godiya ba ne, kishi ne tsagwaronsa, irin wanda na saba gani a fuskar Oyoh. Ita kuwa Oyoh tana bakin madafa da ludayi a hannu, ɗaya hannun ya tafi kan tsagaggen kunnenta.

Aka iso tabarma, aka kwance zani, Nenden ta durƙusa ta wanke ƙafafun iyayenta tana neman gafara. Ta wanke dunduniyar Entin mai santsi, wadda gora ba ta taɓa yanka ba. Oyoh ba ta matso ba, kuma ba ta tona zancen takalmin ba, ranar ko bayanta.

Da yamma baƙi sun ragu na ninke zanin na kai mata. Tana tsugune tana kankare ƙanzon shinkafa daga tukunya. Ta karɓa ta shinshina, ta ɗora a cinya.

"Kin gani?" ta ce.

"Na gani."

"Ba wanda ya koya mata wannan a Bandung."

"Babu. Naki ne, Oyoh, ko alƙali ya san naki ne. Yanzu sai ki huta."

Ta ci gaba da kankara har na ɗauka zancen ya ƙare. Na juya zan tafi sai na ji muryarta a bayana, ƙasa-ƙasa, ba irin wadda masu awo suka sani ba.

"Amma kunnen Entin ta kama."